Amibar Dikti ko Yis: A Kan Wanne Za Ka Kafa Bincikenka?

Duk wanda zai fara binciken digiri na biyu ko na uku a ilimin ƙwayoyin halitta, akwai shawarar da zai yanke tun kafin ya sayi kwalbar sinadari ko ɗaya, kuma ita za ta bi shi har ranar da zai kare aikinsa gaban malamai: wace halitta zai ɗauka ta zama zakaran gwajin dafi? A jami'o'inmu ɓera aka fi sani, sai ƙudan 'ya'yan itace da ya fara karɓuwa a 'yan shekarun nan, sai kuma yis. Ni kuwa ina so in ɗora wata a kan sikeli wadda ba kasafai ake jin sunanta a wajenmu ba, wato amibar da ake kira Dictyostelium discoideum, wadda masu aiki da ita suka taƙaita wa suna zuwa Dikti. Zan auna ta da yis ne musamman, domin su biyun ne masu arha da saurin girma, kuma tsakaninsu ne mai ƙaramin jari zai yi ta kai-kawo.

Da an ce amiba, hankalin mutane yakan tafi ga wadda ke haddasa atuni. Dangi ne na nesa, amma Dikti ba ta cutar da kowa. A ƙasa take zama, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, tana farautar bakteriya. Wani masani Ba'amurke mai suna Kenneth Raper ne ya samo ta a wani daji na jihar Karolina ta Arewa, ya bayyana ta ga duniya a 1935. Muddin akwai abinci, kowace ƙwaya harkar gabanta take yi: ta ci, ta rabu biyu, ta ci gaba. Yunwa ce ke sauya labarin. Idan bakteriya ta ƙare, bayan 'yan awanni sai wasu ƙwayoyi su fara fitar da wani sinadari, cAMP, bugu-bugu, kusan duk minti shida. Wadda ta ji shi sai ta matsa wajen da ya fito, ita ma ta fitar da nata ga na bayanta. Haka kiran ke yaɗuwa kamar igiyar ruwa, har ƙwayoyi kusan 100,000 su kwararo wuri ɗaya su dunƙule. Dunƙulen ya miƙe ya zama wani abu mai kama da 'yar tsutsa, yana tafiya yana neman haske da ɗumi. A ƙarshe kusan kashi 20 cikin 100 na ƙwayoyin, waɗanda ke gaba, su zama kara su mutu, sauran kashi 80 su hau kan karan su zama iri mai jure wahala. Tsayin abin duka bai wuce milimita ɗaya zuwa biyu ba, kuma daga fara yunwa zuwa gamawa awa 24 ne kacal.

Na san mutum zai iya karanta wannan ya wuce. Amma wanda ya taɓa zama gaban maikiroskof ya ga layukan ƙwayoyin nan suna gangarowa kamar rafuka zuwa tafki, ba ya mantawa. John Bonner na Jami'ar Princeton ya ɗauki hoton motsinsu tun a shekarun 1940, ya kuma nuna a 1947 cewa wani sinadari suke bi. Sai a 1967 shi da abokan aikinsa suka tabbatar cewa cAMP ne.

Yis kuwa ba ya buƙatar gabatarwa, shi ne wanda ke kumbura burodi da fanke, Saccharomyces cerevisiae. Kuma gaskiya ita ce, idan ana maganar sauƙin sarrafa ƙwayoyin gado, babu wanda ya kama ƙafarsa. Yana ruɓanya kansa cikin minti 90 a zafin digiri 30. An gama karanta kundin gadonsa tun 1996: ƙwayoyin gado wajen 6,000 a kan kuromosom 16. Akwai tarin nau'o'insa da aka riga aka cire wa kowanne ƙwayar gado guda, sai dai ka nemi wanda kake so. Idan za ka shigar masa da sabon DNA, sinadarin litiyom asitet da ruwan ɗumi sun wadatar, ba sai da wata na'ura mai tsada ba. Za ka iya haɗa nau'i biyu su yi barbara ka bi yadda 'ya'yan suka gaji halaye. Da wannan yis da wani nau'in yis daban ne Leland Hartwell da Paul Nurse suka warware yadda ƙwaya ke tsara rabuwarta, har suka sami kyautar Nobel a 2001 tare da Tim Hunt. Da shi Randy Schekman ya gano yadda ƙwaya ke jigilar kaya a cikinta, aka ba shi Nobel a 2013, haka ma Yoshinori Ohsumi a 2016 kan yadda ƙwaya ke cinye tarkacen cikinta ta sake amfani da shi. Wannan tarihi ne mai nauyi, kuma ba na son a ɗauka ina raina shi.

To amma yis yana zaune ne cikin ƙaƙƙarfan bango. Ba ya rarrafe. Ba ya miƙa hannu ya cafke bakteriya ya haɗiye. Ba ya bin ƙamshin sinadari ya yi tattaki. Waɗannan kuwa su ne ainihin aikin fararen ƙwayoyin jininmu. Idan ƙaya ta soke ka, ƙwayoyin da ke garzayawa wurin suna yin abin da Dikti ke yi ne a cikin ƙasa: su ji sinadari, su san inda ya fi yawa, su tura gabansu, su janyo bayansu, su haɗiye abin da suka tarar. Haka ma ƙwayar ciwon daji da ta balle daga inda ta tsiro ta nufi wani sashe na jiki. Duk tambayar da ta shafi yadda ƙwaya ke tafiya, ko ci, ko sha, ko manne wa 'yar'uwarta, yis ba shi da amsarta komai ƙwarewarka.

Akwai wani abu da ke ɗaure wa ɗalibai kai a nan. A bishiyar dangantakar halittu, yis ya fi Dikti kusa da mu, domin reshen amiba ya rabu kafin dabbobi da dangin naman kaza, waɗanda yis ke cikinsu, su rabu da juna. Sai dai yis ya zubar da ƙwayoyin gado masu yawa a kan hanya, ita kuwa Dikti ta riƙe su. Da aka wallafa kundin gadonta a 2005, an sami ƙwayoyin gado wajen 12,500 a kan kuromosom shida, ninki biyu na na yis ke nan, kuma a cikinsu akwai da dama da muke da irinsu amma yis ba shi da su.

Abin da aka samu daga gare ta ma ba kaɗan ba ne. A 1987 Arturo De Lozanne da James Spudich suka lalata ƙwayar gadon furotin ɗin miyosin na biyu, mai matse jikin ƙwaya kamar tsoka, a Dikti, sai ƙwayoyin suka kasa tsinkewa biyu idan suna yawo cikin ruwa, suka yi ta girma da cibiyoyi da yawa a ciki. Wannan ya zama hujja mai ƙarfi kan aikin miyosin wajen raba ƙwaya. A Dikti aka fara gano furotin ɗin koronin, mai hannu a motsin ƙwaya, a 1991, a ɗakin binciken Günther Gerisch a Jamus, da kuma SCAR a 1998, wanda yanzu aka san shi ne ke tura gaban ƙwaya mai rarrafe har a jikin mutum. Ɗakunan binciken Peter Devreotes da Richard Firtel a Amurka sun nuna yadda wani kitse mai suna PIP3 ke taruwa a gaban ƙwayar da ke bin sinadari, yayin da furotin ɗin PTEN ke komawa baya da gefe yana share shi. PTEN ɗin nan shi ne wanda lalacewarsa ke da hannu a ciwon daji iri-iri.

Inda zuciyata ta fi karkata gare ta shi ne batun cututtuka. Tunda Dikti haɗiye bakteriya take yi ta narkar da ita kamar yadda fararen ƙwayoyin jini ke yi, bakteriyar da ta iya kuɓuce wa ƙwayoyin jininmu sau da yawa da dabara ɗaya take kuɓuce wa Dikti. Tun shekarar 2000 aka nuna cewa Legionella, mai haddasa wani mugun ciwon huhu, tana hayayyafa a cikinta. Daga baya aka koma ga Mycobacterium marinum, 'yar'uwar ƙwayar tarin fuka ta kusa, wadda ke sa wa kifi ciwo mai kama da shi. Rukunin Thierry Soldati a Janeba ya shafe shekaru yana bin yadda wannan bakteriya ke zama cikin amibar, ta fasa jakar da aka kulle ta, ta kuma fice ta shiga maƙwabciya ba tare da ta fashe ƙwayar farko ba. Ka tuna Najeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya, kuma aiki da ainihin ƙwayar tarin fuka sai a ɗakin gwaji mai matakin tsaro na uku, wanda ba kowace jami'a ke da shi ba. Haɗin Dikti da M. marinum matakin tsaro na biyu yake buƙata. Ga mai son gwada ko wani sinadari daga tsirranmu yana taimaka wa ƙwaya kashe bakteriyar da ta ɓuya a cikinta, wannan hanya ce da ta fi zuba ruwan magani kan farantin bakteriya a auna da'irar da ya hana ta tsiro, domin tana nuna abin da ke faruwa a cikin mai ɗauke da cutar. Akwai ma gwaji mafi sauƙi: ka shimfiɗa bakteriya irin su Klebsiella ko Pseudomonas a faranti, ka ɗiga amiba a kai. Idan ta ci ta buɗe fili, bakteriyar ba ta da kaifi sosai. Idan ta kasa, akwai abin dubawa. Wannan ba ya buƙatar komai sai faranti da ido.

An kuma yi amfani da ita wajen bin diddigin yadda magunguna ke aiki. Adrian Harwood da Robin Williams a Ingila sun bi ta kanta wajen fahimtar tasirin litiyom da maganin farfaɗiya balfurowet a kan sinadarin inositol. Abin mamaki ne a ce halittar da ba ta da ƙwaƙwalwa ta ba da haske kan maganin ƙwaƙwalwa, amma hanyoyin saƙon cikin ƙwaya sun girme wa ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba.

Ta fuskar yadda jiki ke ginuwa kuwa, sai an yi hattara wajen yabonta. Fa'idarta ita ce girma da ginuwar jiki a rabe suke: kai ne za ka wanke abincin ka ce a fara, kuma miliyoyin ƙwayoyi su fara tare, su gama tare gobe war haka. Nau'in ƙwayoyin manya guda biyu ne, na kara da na iri, kuma rabonsu yana daidaita kansa. Raper ya nuna tun da daɗewa cewa idan ka datse 'yar tsutsar, kowane ɓangare zai iya sake tsara kansa ya fitar da cikakken kara da iri. An gano sinadarin DIF-1 mai tura ƙwayoyi su zama na kara a 1987, a rukunin Robert Kay. Don koyar da ɗalibai yadda ƙwayoyi iri ɗaya ke rarrabuwa su ɗauki ayyuka daban-daban, ban san abin da ya fi ta ba. Amma jikinta ba daga ƙwai yake farawa ba, taro ne na baƙi da suka haɗu. Ba ta da jijiya, ba ta da jini, ba ta da zuciya ko ƙoda. Wanda tambayarsa ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke haɗuwa ko yadda gaɓoɓi ke fitowa, ya nufi tsutsar C. elegans mai ƙwayoyi 959, waɗanda 302 daga ciki na jijiya ne, ko ya nufi ƙuda. Dikti ba za ta kai shi can ba, yis ma haka.

Wannan taron baƙi ya buɗe wani fage na daban. Tunda kashi ɗaya cikin biyar za su mutu don sauran su tsira, wa zai yarda ya zama kara? Joan Strassmann da David Queller sun nuna a 2000 cewa idan aka cakuɗa dangi biyu, wani dangin yakan yi zamba, ya cusa 'ya'yansa cikin iri ya bar wa ɗayan wahalar kara. A 2011 kuma Debra Brock da su suka ba da rahoton cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda aka samo a daji ba sa cinye bakteriyarsu duka, suna tafiya da guzuri su shuka a sabon wuri. Mai sha'awar yadda haɗin kai da ha'inci suka samo asali a halittu zai daɗe bai ƙoshi ba a nan.

Yanzu mu zo inda gizo ke saƙar, wato zafi. Dikti a digiri 22 take jin daɗi. Da an haura 27 sai ta fara shan wuya, kusa da 30 kuwa aiki ya tsaya. Wanda ya san watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, lokacin da ake haura digiri 40, ya san abin da wannan ke nufi. A Turai mutane kan bar farantinsu a kan tebur, mu kuwa dole sai da akwati mai sanyaya da ba ya mutuwa dare da rana. Awanni kaɗan na ɗauke wuta da tsakar rana sun isa su kashe aikin mako guda. Yis a digiri 30 yake so, yana kuma jure fiye da haka, ka manta da farantinsa kwana biyu ka dawo ka same shi da rai. A wannan fage yis ya yi mata fintinkau, kuma duk wanda ya ce maka ba haka ba ne bai yi aiki a ƙasa mai zafi ba. Abin da zan ƙara shi ne, tsutsar C. elegans ma tsakanin digiri 15 da 25 take rayuwa, ƙuda kuma a 25 ake kiwonsa, mazansa kan daina haihuwa idan zafi ya kai wajen 30. Ashe matsalar sanyaya ba ta Dikti kaɗai ba ce. Kuma riƙe ƙaramin akwati a digiri 22 da sola da batir abu ne mai yiwuwa, ya ma fi sauƙi nesa a kan riƙe ƙwayoyin jikin mutum, waɗanda ke buƙatar digiri 37 daidai, da iskar kabon kashi 5 cikin 100 daga tukunyar gas, da ruwan jinin ɗan tayin saniya mai tsadar gaske wanda sai an shigo da shi a daskare.

Wajen abinci ba ta da tsada. A kan faranti da bakteriya tana ruɓanya cikin awa uku zuwa huɗu. Akwai kuma nau'o'in ɗakin gwaji, AX2 da AX3 da aka samar a farkon shekarun 1970, masu rayuwa cikin ruwan abinci zalla mai suna HL5, inda sukan ɗauki awa takwas zuwa goma sha biyu. Ka lura da wani abu game da su: a 2015 aka gano cewa abin da ya ba su ikon shan ruwa da yawa haka shi ne lalacewar ƙwayar gadon NF1, wadda a mutum ma lalacewarta ke kawo wata cuta ta ƙulluttai a jijiya. Ma'ana, nau'in da kowa ke kira lafiyayye shi kansa ba daidai yake da na daji ba, kuma wanda ke nazarin ci da shan ƙwaya dole ya sa wannan a lissafi. Wajen ajiya kuma tana da wata falala da ƙuda ba shi da ita. Ƙuda ba ya ajiyuwa a firiza, sai dai ka yi ta sauya masa kwalba shekara da shekaru. Irin Dikti kuwa ana busar da shi a kan ƙwayoyin silika a sa a firij ya yi shekaru, kuma a haka ake iya aiko da shi daga nesa. Akwai cibiyar ajiyar nau'o'inta a Jami'ar Northwestern da ke Shikago, tare da rumbun bayanai na dictyBase a intanet.

Sauran aibobinta kuma ga su, ban ɓoye ba. Kundin gadonta cike yake da A da T, biyu daga cikin harrufa huɗu na DNA, fiye da kashi uku cikin huɗu, abin da ke sa yanka da liƙa DNA ɗinta ya zama aikin haƙuri. Shigar mata da DNA yawanci sai da na'urar bugun lantarki. Ana iya cire mata ƙwayar gado, akwai hanyar REMI tun 1992, CRISPR ma ya fara aiki a kanta a 2018, amma duk da haka abin da za ka gama a yis cikin mako ɗaya zai iya cin maka wata a nan. Barbara tsakanin nau'o'inta, duk da an gano jinsi uku gare ta a 2010, ba ta zama kayan aikin yau da kullum ba, domin da wuya ake samun 'ya'yan su tsiro a ɗakin gwaji. Idan ka daɗe kana juya ta daga kwalba zuwa kwalba halinta yakan sauya, saboda haka ake komawa ga ajiya bayan 'yan makonni. Sinadaran gano furotin da kamfanoni ke sayarwa yawancinsu don mutum da ɓera aka yi su. Babban abin kuma shi ne kaɗaici. Masu aiki da ita a duniya ba su da yawa idan aka kwatanta da masu yis ko ƙuda, kuma ranar da ƙwayoyinka suka ƙi taruwa, wanda zai leƙa farantinka ya ce maka sun yi yawa ko sun yi kaɗan yana iya kasancewa a wata nahiya.

To wanne za ka ɗauka? Idan tambayarka ta shafi abin da ke gudana a can cikin ƙwaya, irin su kwafar DNA da gyaransa, rabuwar ƙwaya, naɗewar furotin, ko aikin mitokondiriya, ɗauki yis kada ka waiwaya. Haka ma idan shekara ɗaya ko biyu gare ka, wutarku ba tabbas, kuma babu wanda ya taɓa irin wannan aiki a sashenku. Ɗalibin digiri na biyu da ya ɗauko Dikti shi kaɗai ba mai jagora, ina jin tsoron lokacinsa zai ƙare wajen koyon raya ta. Idan kuwa kana son sanin yadda ƙwaya ke tafiya, yadda take haɗiye bakteriya, yadda bakteriyar ke kuɓucewa, ko yadda ƙwayoyi ke kiran juna su raba aiki, kuma kana da shekara uku zuwa huɗu, da akwatin sanyi abin dogaro, da wani ɗakin bincike a waje da ya yarda ya karɓe ka wata biyu ko uku ka koyi hannu, to Dikti ta fi, kuma za ta ba ka abin da sai da kuɗi ninkin-ba-ninkin za ka samu daga ƙwayoyin mutum. Ga malamin da ke neman abin nuna wa 'yan aji biyu ko uku kuwa, ko da ba bincike zai yi ba, ina roƙonsa ya nemo ta. Faranti, aga (daskararren abin da ake shimfiɗawa a faranti don kiwon ƙwayoyi), bakteriyar E. coli marar cutarwa da maikiroskof na aji sun isa ɗalibi ya ga jiki yana ginuwa a gabansa cikin kwana ɗaya.

Akwai ma hanya ta uku ga mai ƙaramin ƙarfi. Dikti ɗaya ce cikin dangi mai nau'i sama da ɗari, kuma ana samun su a ƙasar dazuzzuka a sassan duniya. Hanyar fito da su tsohuwa ce mai sauƙi: a ɗebo ƙasar da ke ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, a dama da ruwa mai tsabta, a shimfiɗa a kan aga marar abinci sosai tare da bakteriya, a jira 'yan kwanaki a ga ƙananan karare sun tsiro. Ɗalibin da ya bi dajin Falgore ko Yankari ko Gashaka Gumti da damina yana tattara su, yana auna zafin da kowanne ke iya jurewa, ya sami aikin digiri mai ma'ana wanda ba sai ya jira kaya daga waje ba.

Kafin ka rubuta wa kowa wasiƙar neman nau'in AX2, ka fara da akwatin. Ka haɗa shi da sola ko inbata, ka sa ma'aunin zafi mai ajiye bayani a ciki, ka bar shi mako biyu cur a tsakiyar bazara, har da ranakun Asabar da Lahadi da ba kowa a sashen. Idan zafin bai haura digiri 24 ba ko sau ɗaya, aika wasiƙar.